Rigar Yaya Tijjani Ta Sauko Daga Bango

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Yaya Tijjani, amma har yau in na hango mai hular hana-salla a motar unguwarmu ta Arba wa Nus, sai na sake dubawa. Shi ne kaɗai na sani da hular ba ta hana shi salla ba. Juya ta baya yake yi ya kabbara.

Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun taso aikin hajji a ƙasa, suka tsaya a hanya. Lokacin da na zo Alƙahira karatu, na tarar can suke da zama, ɗakina na jikin nasu, kuma mahaifiyarsa, Inna Hauwa, ta ɗauki cin abincina tamkar wajibinta. Ni ba mai magana ba ne, shi kuwa bakinsa ba ya hutawa, sai muka dace.

Wasan da ya ɗauke masa rai shi ne bezbol, wanda ake jefo ƙaramar ƙwallo a doke ta da sanda a ruga. Masu yin sa a Masar kaɗan ne. Akwai wani ƙaramin kulob wajen unguwar Mohandessin, shi ne baƙar fata na farko da ya shiga. Da fari "ya samara" suke kiransa, wato baƙi, kuma in ana jefe-jefen motsa jiki ba mai haɗa kai da shi. Da bango yake yi. Bai taɓa ba ni labarin da ɗaci ba. Cewa yake, "Malam, bangon nan ya fi su iya mayar da ƙwallo." Kafin shekara ta zagayo, ba sa fara wasa sai ya iso.

Shi ya gaya mini al'adar Amurkawa: baƙar fatar da ya fara keta shingen wariya a babbar gasarsu, an jingine lambar rigarsa, ba mai sake sa ta, sai rana guda a shekara da kowa zai fito da ita. Da ciwon ƙirji ya ɗauke Yaya Tijjani, abokan wasansa suka yi masa haka. Suka sa rigarsa mai lamba tara a gilashi, suka rataye. Duk shekara kuma sukan buga wasa ɗaya, kowa da tara a bayansa. Ranar da na fara gani, sai da na yi kuka.

Inna kuwa abin bai kwanta mata ba. A wurinmu kayan mamaci rabarwa ake yi, mai rai ya sa, lada ta isa ga mai su. Jallabiyoyinsa, takalmansa, har hular, duk ta bayar sadaka. Rigar nan ce kawai ta rage, kuma ita ce wadda ya fi so. Takan ce mini, "Ɗan nan, kowace rigarsa tana yi masa aiki, ban da wannan da suka kulle."

Bana, ranar wasan, ta ce in raka ta kulob ɗin. Muka tarar da su cikin lambar tara, ta tsaya tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Mai horar da su, Kabtin Magdi, ya taso da sauri ya gaishe ta. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, ya dafa ƙirji ya ce, "Hajiya, girmamawa ce. Ba mu ga wanda ya isa ya sa ta ba."

Ta ce, "Na gode, Allah ya saka. To bayan ɗana, baƙar fata nawa suka shigo muku?"

Kabtin ya dubi 'yan wasansa, babu ko ɗaya. Can ya je ya sauko da gilashin da hannunsa, ya ce, "Khalas, shi ke nan, taki ce. Roƙona ɗaya, kada ta bar filin nan. Wanda zai sa ta, ya buga da mu."

Inna ta juyo ta dube ni. Na ce, "Inna, ni ko sandar ban taɓa riƙewa ba." Ta ce, "Shi ma ba da ita aka haife shi ba. Cire tabarau ɗin."

Ban cire ba, domin in na cire ba na ganin ƙwallon. Da tabarau ɗin ma ba kasafai nake samun ta ba. Nakan tambayi kaina abin da Yaya Tijjani zai ce in ya ga mai lambarsa yana dukan iska kowace Juma'a bayan la'asar. Na san dariya zai yi har ya zauna a ƙasa. Amma ina jin zai daina dariyar in ya ga samarin unguwarmu biyu da suka biyo ni kallo, yanzu ɗayansu ne ke jefa wa kulob ɗin ƙwallo, kuma ba da bango ya fara ba.

Ban ga laifin masu gilashi ba, ƙauna ce ta sa su. Sai dai shi mutumin bai shiga kulob ɗin don a rataye shi ba, ya shiga ne don a yi wasa da shi. Makon jiya na zame a ƙasa, rigar ta yage a kafaɗa. Na kai wa Inna ina jin kunya. Ta ɗaga ta, ta dubi ƙurar da yagewar, ta ce, "Alhamdu lillahi, ta fara aiki." Sannan ta aike ni in miƙo mata allura.

Allah ya jiƙan Yaya Tijjani, ya kai masa ladan.