Yayana, Mai Piyanon Gasar Waƙa

Yayana a shagon gyaran rediyo ya koyi piyano. Wani ne ya kawo tsohon piyanonsa mai aiki da lantarki a gyara masa, ya tafi bai sake waiwayarsa ba. Da kwastoma ya fita sai Yaya ya jawo piyanon ya hau dannawa, har mai shagon ya gaji ya ce masa ya zaɓi ɗaya, ko gyara ko kiɗa. Ya zaɓi kiɗa. Innarmu ta daɗe tana amsa gaisuwarsa a daƙile. Ya shiga bin makaɗan biki, abokan aikinsa suka laƙaba masa Yatsu, sunan ya biyo shi har gida. Matarsa ma in ya ɓata mata rai da shi take kiransa.

Mutum ne mai saurin fushi, ba zan rufa masa asiri ba. Kana wanka kana rera waƙa ka kauce, sai ka ji an buga ƙofa an ce ka gyara ko ka yi shiru. Ni ƙanwarsa na sha wannan tun ina ƙarama. Amma wanda ya zo masa da niyyar koyo, zai yini da shi bai nuna gajiya ba.

Da gidan talabijin ya fara gasar waƙa, shi aka ɗauka ya riƙa raka 'yan takara da kiɗa. Na sha kai masa abinci, don haka na san ɗakin gwajin nan: ba taga, fanka ɗaya tana ƙara kamar za ta faɗo, kujerun roba a jere jikin bango. Kowa ya shigo sai Yaya ya ce ya yi baiti ɗaya ba kiɗa. Zai karkata kai yana saurare, ya lalubo inda muryar mutum ta fi zama daidai, sannan ya ɗora masa kiɗan a nan. A shekarun farko duk wanda ya hau dandamali ya cancanta. Akwai wata nas da ke zuwa gwaji da kayan aiki a jikinta. Akwai wani kwandastan bas da ya sa ɗaya daga cikin alƙalai cire tabarau yana goge ido. Ranar gasa makwabta a falonmu suke taruwa, Inna ta zauna a gaba tana nuna allo duk lokacin da kyamara ta gifta ta kan ɗanta, ita da ta ce kiɗa ba sana'a ba ce.

Sai aka kawo sabon furodusa, wato mai shirya shirin, matashi mai wayoyi biyu, wanda ko ana magana da shi idonsa na kan ɗaya. Ranar da ya kama aiki ya tara ma'aikata ya ce, "Ku daina wahalar da kanku. Wanda ya iya waƙa, mutane su tafa su manta da shi. Wanda ya kwafsa, shi za a yi mako ana tura wa juna a waya."

Yaya ya ce, "To Oga, gasar waƙa muke yi ko gasar kwafsawa?"

Furodusa ya yi murmushi ya ce, "Gasar 'yan kallo muke yi, Malam Yatsu. Kai dai danna abinka."

Daga nan tantancewa ta koma wani abu daban. Ba a tambayar mutum me zai rera. Sai a tambaye shi mabiya nawa gare shi a waya, wa ya mutu a gidansu, zai iya kuka in an haska shi? Wata malamar makarantar yara ta zo, Yaya ya ce tun da yake aikin nan bai ji murya mai tsafta irin tata ba. Aka tambaye ta wahalar da ta sha a rayuwa, ta ce lafiya lau take, iyayenta na raye, aikinta na tafiya. Aka ce ta je za a neme ta. A bayanta aka ɗauki wani da ke tsalle yana ihu har jijiyar wuyansa ta miƙe, da wata da ba ta haddace ko baiti ɗaya ba amma ta iya juya ido, da wani da ya zo rungume da hoton kakarsa. Kakar nan tana raye, Yaya ya gan ta a bakin ƙofa tana jiransa da lema.

Yaya ya riƙa dawowa gida a fusace. Ya zauna cin abinci ya kasa, sai ya ture kwanon ya fara: "Yau na bi wata yarinya da kiɗa kamar mai bin kaza a tsakar gida! Na hau, ta sauka. Na sauka, ta haye. Alƙali kuma ya miƙe yana tafi wai ta taɓa masa zuciya. Wace zuciyar? Kunne fa? Kunnen nasa a gida ya baro shi?"

Inna takan ce, "Kai dai ci abincinka. Kai ka haife ta da za ka kashe kanka?"

Ana haka sai Mai Faci ya ce zai shiga gasa. Mai Faci makwabcinmu ne, a bakin layinmu yake gyaran taya, mutumin kirki mai 'ya'ya mata. Yana aiki yana waƙa, kuma duk layin an san muryarsa sai dai haƙuri. Yaya ya same shi a rumfarsa ya ce, "Don girman Allah kada ka je. Ba muryarka suke so ba, dariya za su yi da kai."

Mai Faci ya ajiye guduma ya ce, "Haba Yatsu, kai ka samu shiga, mu kuma ka tare ƙofa?"

Ya je, kuma nan take aka ɗauke shi. Aka ɗinka masa riga mai ƙyalli wadda ta matse shi a ciki, aka ba shi waƙar da ko gwani sai ya yi da gaske. Da muryarsa ta tsage, alƙalai suka kifa kai a tebur, kyamara ta bi 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya suna riƙe ciki. Ƙuri'u suka yi ta shigowa ta waya. Mako ya zagayo ya tsallake, wani makon ma ya tsallake. Yara suka fara tsayawa a gaban rumfarsa suna kwaikwayon inda muryar ta tsage. Babbar 'yarsa ta daina zuwa makaranta, matarsa ta daina fita awo da rana. Ita ce ta shigo gidanmu ta durƙusa gaban Inna tana hawaye, ta ce a roƙi Yaya ya yi wani abu.

Abin da Yaya ya iya shi ya yi. Ya kira Mai Faci falonsa, ya zaunar da shi gaban piyano, suka yi ta fama. Can ƙasa-ƙasa ya samo masa wani ɗan wuri inda muryar take zama ba ta rawa. Ba daɗi ne da ita can ba, amma murya ce ta magidanci, ba abin dariya a cikinta. Ya sauko masa da waƙar makon zuwa wurin, ya hana shi ihu, ya koya masa inda zai ja numfashi. Kullum Mai Faci ya rufe rumfa sai ya zo, hannunsa duk baƙin mai, har madannan piyanon suka yi dauɗa. Matar Yaya tana gogewa tana mita.

Ranar gasa ina cikin 'yan kallo, kai tsaye ake watsawa. Akwai 'yar na'urar da Yaya ke saƙalawa a kunne, ta nan furodusa ke ba shi umarni daga ɗakin sama. Daga baya Yaya ya gaya mana abin da aka ce masa ana gab da farawa: "Na ji abin da kuka yi a gwaji, ba na so. Ɗaga kiɗan sama, sosai. Ina son ya fashe tun baitin farko."

Ni abin da na gani shi ne Yaya ya sa hannu ya zare abin daga kunnensa, ya ajiye a kan piyano, ya fara kiɗan a inda suka saba. Mai Faci ya rera waƙarsa tun daga farko har ƙarshe bai kauce ba. Ba wanda ya yi dariya. Mutanen da ke kusa da ni, waɗanda tuni suka ɗaga wayoyi suna jira, suka sauke su ɗaya bayan ɗaya. Aka yi ɗan tafi na ladabi. Alƙalai suka kalli juna, ɗaya ya ce, "To, ba laifi." A makon aka cire shi, ƙuri'unsa ba su kai ko'ina ba.

Furodusa bai ma bari Yaya ya naɗe wayoyin piyanonsa ba. A gaban masu kyamara da masu shara ya ce, "Kai wa ya ce maka malami muka ɗauka? Ka san abin da ka jawo mana yau?"

Yaya ya ce, "Na raka mutum ya yi waƙa. Aikin da aka ɗauke ni ke nan."

"To an gode. Daga yau kiɗan kwamfuta za mu sa, ita ba ta cire abu daga kunne."

Yaya ya faɗa masa maganganun da ba zan maimaita ba, sai da masu gadi suka riƙe shi. Wannan duk bai ƙona masa rai ba kamar abin da ya tarar washegari. Ya fito zai wuce, Mai Faci ya tare shi a bakin layi, ido jajur.

"Ka ji daɗi? Da ana kirana daga ko'ina, yau ko ɗan saƙo babu. Ka mayar da ni ba kowa ba!"

Yaya ya ce, "Dariya fa suke maka! 'Yarka ta kasa zuwa makaranta!"

"Dariyar a jikinka take? Shekara nawa ina durƙushe a nan ina shaƙar ƙura, wa ya taɓa sanin sunana? Kai dai baƙin ciki ne ya ci ka."

Yaya ya dube shi. Ya juya ya koma gida, ranar bai fita ba.

Ba a daɗe ba gidan talabijin ya dawo da Mai Faci, wai bisa roƙon jama'a. Kwamfuta ta ɗaga masa kiɗan, ya fashe yadda ake so, aka sha dariya. Yanzu har tallar lemo yake yi, da rigar nan mai ƙyalli. Matarsa ta kwashe yaran ta koma gidansu. Wadda ta ci gasar shekarar kuwa, da aka gayyace ta wani biki na'urar da ke sako muryarta da aka naɗa ta lalace, sai ta tsaya da makirufo a hannunta tana murmushi har aka gyara, don ba ta iya fara baiti ɗaya da bakinta ba. Yaya yana wurin, don ya koma kiɗan biki. Ya ce ji ya yi kamar ya kifar da piyanon.

Yanzu da safe yana koyar da kiɗa a wata makaranta, da yamma masu son koyon waƙa su same shi a falo. Gashinsa ya fara fari, fushin bai ragu ba. Matarsa ta hana a kunna gasar in yana gida, don ranar da ya gani ba a cin abinci lafiya.

Kwanan baya ina gidan wata mata mai ɗinki ta zo. Ya ce ta yi baiti ɗaya ba kiɗa. Da ta buɗe baki, matar Yaya ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya. Yaya ya karkata kai, na ga fuskarsa ta saki, rabon da in ga haka har na manta.

Ya ce, "Baiwar Allah, me zan koya miki? Ai kin gama."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, sau biyu ina zuwa tantancewa suna mayar da ni. An ce ka san abin da suke so. So nake ka koya mini yadda zan ɓata ta, yadda za a yi dariya a ɗauke ni. In na shiga sai in gyara."

Yaya ya miƙe har kujera ta faɗi. "Fita! Fita mini daga gida! Allah ya ba ki abin da wasu ke nema da kuka, ki kawo mini in taya ki lalatawa?"

Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta juyo, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "To Malam, ina zan kai ta? Gaya mini wurin, in je."

Yaya ya sunkuya wajen kujerar da ta faɗi. Ta jira kaɗan, ta sa takalmanta ta tafi. Ya ɗaga kujerar ya zauna, ya rufe piyanon, ya ce wa matarsa ta gaya wa sauran masu jira a waje yau ba darasi.