Kofur da Kwandunan Tumatir

Daga bayan kaskonta na awara a Yelwa, Matta tana kallon wani dattijo yana sauke tumatir daga keke, matarsa na tsaye a gefe. Takalman soja ne a ƙafarsa, sun sha goga har suna sheƙi, amma wandon duk lakar gonar bakin dam ɗin Gubi ce. Kwanduna huɗu kacal, ya jera su sahu ɗaya, yana zagaya su da hannuwa a baya kamar za su yi masa fareti. Wannan ya ga yaƙi, in ji Matta a ranta, ƙila Laberiya. Yanzu da awakin maƙwabta yake fafatawa.

Sai tayar wata mota ta fashe, fam!

"Kowa ya kwanta!" Dattijon ya fizgo matarsa ƙasa, ya kare ta da jikinsa, suka zube kan kwandunan.

Ya ɗago, ya ga zanenta jajir.

"Sauda, an same ki?"

"Tumatir ne, Kofur. Kwando biyu ka kashe."

Ta gyara masa hula. Ta kama hannunsa, ba ta sake shi ba har suka miƙe tare.