Maganin da Ba a Aika a Karɓo

Ɗana na fari ya koyi shan ƙwaya ne a gonakin mutane. Yana bin samarin Tudun Kaya ƙwadagon huɗa, a can suke haɗiyar taramol da safe don su jure rana. Ban sani ba sai da ya yi damina biyu a ciki. Na dai ga yana aikin mutum biyu, har nakan ji daɗi a raina. Har yau ina neman gafarar Allah a kan wannan jin daɗin.

Ranar da ya faɗi a kunyar gona yana shure-shure, kumfa a bakinsa, abokansa suka kawo shi gida a babur suka faɗa wa mahaifiyarsa gaskiya. Bayan haka ya gwada dainawa da kansa. Kwana uku yana amai da zawo, gumi na zuba, yana dukan ƙafafunsa da hannu. A na huɗu ya fita, ya dawo lafiya lau, duk muka san inda ya je.

A gidanmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi. Haka na ga mahaifina ya yi da yayana. In ina da magana, ƙanena nake faɗa wa ya kai masa. To ƙanen nawa ya tafi kudu neman abinci, ya daɗe bai zo ba, kuma wannan ba zancen waya ba ne.

Wata rana na ji likita a rediyo yana cewa akwai maganin da ake bayarwa a asibiti, mai kwantar da ƙishirwar ƙwayar har mutum ya rabu da ita a hankali. Na yi mako ina juya abin, ina tsoron kada ya zama an kori haram da haram. Na tambayi limaminmu a kaikaice, ya ce abin da likita ya bayar don warkarwa magani ne. Ban natsu ba sai da na sake tambayarsa.

Sai na yi yadda muka saba. A wajenmu in mutum ba shi da lafiya, wani ne yake zuwa ya kwatanta ciwon, ya karɓo magani. Na zaɓi ranar kasuwar Ƙaraye don kada a tambaye ni me ya kai ni. A asibitin garin na ce wa ma'aikatan ɗan maƙwabcina ne ba lafiya. Suka ce ba su da irin wannan, sai dai na tsayar da amai. Na nufi wani ƙaramin asibiti wajen Fulatan, inda ba a san fuskata ba. Ma'aikaciyar, wata dattijuwa mai tabarau, ta bar ni na gama bayani har da yawan gumin da yake yi.

“Baba, wannan maƙwabcin naka ya yi dace,” in ji ta. “Ko uwar yaron ba ta san shi haka ba.”

Na ce ai katangarmu ɗaya. Ta yi murmushi, ta ce su zazzaɓi da awon ciki suka iya, in gwada Rogo. A Rogo aka rubuta mini takarda zuwa wani babban asibiti a Kano. Kafin in tafi damina ta kusa rabi, saboda kullum sai in sami dalilin ɗagawa.

Likitan Kano bai girmi ɗana ba. Ya ce maganin akwai shi, amma wuraren da ake bayarwa kaɗan ne, kuma ba a ba ɗan aike. Sai mai ciwon ya zo an duba shi, da farko ma a gabansu zai riƙa sha kowace safiya. Sannan sai in shi ne ya so. Ya ɗauki biro ya tambaye ni sunan yaron. Na kalli takalmana. Da ya sake tambaya, na roƙi biron na rubuta da hannuna. A mota ma na yi ta tunanin ko rubutawa da faɗa duk ɗaya ne.

“Naka ne ko, Baba?” ya ce.

Na ɗaga kai alamar e.

“Kun yi maganar da shi?”

Na ce tukuna. Ya ajiye biron, ya ce to daga nan za a fara, domin wanda ya taɓa faɗuwa irin wannan yana iya sake faɗuwa bai tashi ba.

Washegari da la'asar na same shi a gindin darbejiyar ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na je na zauna a kututturen da yake kai. Nan take ya miƙe ya koma gefe ya tsuguna, kansa a ƙasa, kamar yadda aka koya masa. Na shirya kalmomina tun daga tashar mota. Da na buɗe baki sai na ji ina tambayarsa ko an gama maimain noman gyaɗa. Ya ce saura kaɗan. Na ce madalla. Ya jira, da ya ga ba ƙari ya ɗauki fartanyarsa ya tafi.

Sau huɗu na sake gwadawa. Mahaifiyarsa kunyarta ta fi tawa. Ko da na faɗa ya amince, ban san yadda mutumin Tudun Kaya zai kasance a Kano kowace safiya ba, ga matarsa, ga gona. Wani lokaci nakan kama kaina ina fakewa da wannan nisan, sai in ji na tsani kaina.

An cire gyaɗa, an sake shuka wata. Yana nan yana sha. Yanzu in ina zaure na ji babur ya taho da gudu daga hanyar gonaki, sai in tashi tsaye, ba na komawa sai ya wuce ƙofarmu.