Ni Ne Muryar da Ke Cewa A Ƙara Haƙuri

Ba zan faɗi sunana ba, domin mahaifiyata tana raye kuma kunyar da na ja mata ta ishe ta. Yadda na lalace kawai zan faɗa, ko wani matashi zai karanta ya tsaya tun bai kai inda na kai ba.

A da ni saurayi ne mai shiru-shiru a unguwar Yalwawa, cikin Dutse. Ina tsaron shagon fotokwafi, ina kwafa wa ma'aikata da ɗalibai takardu, ina rufe musu satifiket da leda. Idan babu aiki sai in jingina da inji in buɗe littafin soyayya. A littattafan nan saurayi kullum yana da mota da turare mai tsada, idan ya yi magana zuciyar budurwa sai ta narke. Ni magana kaɗai gare ni. Na haddace ta sosai, har abokai na kawo mini waya in rubuta wa 'yammatansu saƙo.

A shagon na haɗu da Saudatu, 'yar wani malamin Alƙur'ani a Ringim. Ta zo kwafar takardun makaranta, ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, na kwafa mata shafi guda har sau uku ban sani ba. Idanunta kamar ruwan rijiya da sassafe, sanyi da zurfi. Iyayena suka je Ringim, Malam ya karɓe su da mutunci, ya ce ya ba ni, in nemi ɗaki in shirya. Abin da ya nema ke nan. Ni ne na ɗora wa kaina sauran, domin na ƙudurta sai na kai ta gida irin na littafi.

A lokacin ne jita-jita ta cika gari cewa Turawa na sayen tsofaffin kuɗi da tsada, kwabo mai huji da sule da kuɗin azurfa, amma sai wanda wani kamfani ya tantance ya ba shi daraja da takardar shaida. Ina da kwabo biyu da na tsinta a akwatin marigayi babana. Na kai wa wakilin kamfanin, na biya kuɗin tantancewa, aka ba ni lambar waya. Na yi ta kira. Yau a ce injin dubawa ya lalace, gobe a ce ƙwararren ya yi tafiya, jibi wayar ta yi ta ƙara ba mai ɗauka. Takaici ya hana ni cin abinci.

Wata rana wani mutum mai farar shadda ya shigo shago ya miƙo takardu a rufe masa da leda. Ina dubawa na ga tambarin kamfanin nan, da hoton kwabo, da gurbin suna babu kowa a ciki. Na riƙe takardun na ce sai ya fito mini da kayana. Bai ko girgiza ba. Ya yi dariya ya ce, "Kai ne mai kiran nan da kalamai kamar mai wa'azi? Wallahi bakinka ya fi kwabonka tsada." Ya mayar mini da kuɗina nan take, ya ƙara da wani abu a kai, ya ce leda kawai zan sa.

Na sa ledar. Na ce wa kaina aikina ne, ban tambayi kowa abin da ke cikin takardarsa ba. Sati na gaba ya roƙe ni in riƙe masa waya na yini ɗaya. Daga nan ban sake ajiye ta ba. Na zama kwastoma kiya, wato mai amsa kiran jama'a, na kamfanin da ba shi da ofis, ba shi da inji, ba shi da ƙwararre, sai Oga, mai farar shaddar nan, da wakilansa a kasuwanni da ni.

Aikina in hana mutum fushi har ya gaji. Na iya kuwa. Tsoho ya kira yana huci, in ce, "Baba, ranka ya daɗe, kayanka na hannun manya, a ƙara haƙuri." Wanda na ji yana da ƙarfi sai in yi masa albishir cewa kwabonsa ya samu babbar daraja, saura kuɗin inshora. Idan mutum ya matsa ƙwarai, muna da maganar ƙarshe da Oga ya koya mini. Ya ce masu tara tsofaffin kuɗi na gaske ba sa son wanda aka goge, sun fi son shi da dattinsa na shekaru. Mutanenmu kuwa ba sa kai abu gaban manya da datti. Kowa sai ya dirje kwabonsa da toka da lemon tsami kafin ya kawo. Don haka sai in tambaya a hankali, "An goge shi?" In aka ce e, sai in yi ajiyar zuciya in ce darajarsa ta zube, kamfani ya ƙi shi, kuma dokar kamfani ba a mayar da abin da aka ƙi. Mutum ya koma yana zargin hannunsa, ya bar mu. Na jan ƙarfe Oga yana zubarwa a buhu, na azurfa kuwa yana kai wa wani maƙeri a Kano a narkar.

Na kama ɗaki biyu da falo, na sayi labule mai ruwan zuma. Na ce wa Saudatu har yanzu da saura, domin na sa rai da gado irin na kanti. Na riƙa yi mata ƙorafin rashi don ta tausaya mini. Ina jin daɗin yadda take cewa, "Yaya, kar ka takura kanka, ko tabarma ce zan zauna."

Wata Laraba da hantsi wayar kamfani ta yi ƙara. Na ɗauka da sallamata ta kullum, sai na ji an ce, "Don Allah ina magana da masu tantance kuɗi?" Ko cikin kasuwa na ji muryar nan zan gane ta. Na kashe wayar. Ta sake kira. Na naɗe hankici a bakin wayar, na kumbura murya na ce ina ji.

Ta ce ta ba wakilinmu na Ringim liyari, tsofaffin kuɗin azurfa na ado, igiya guda. Na kakarta ne, kowace amarya a gidansu da shi ake kai ta ɗaki, in an kwana biyu a mayar wa tsohuwa. Ta ɗauko ba da sanin kowa ba. So take a tantance, ta roƙi kakar ta bar mata guda biyu ta sayar. "Wanda zan aura ne yake cikin matsi," ta ce, "ina so in taimaka masa ba tare da ya sani ba. Amma Inna ta fara neman kayanta. Don Allah ko ba a gama ba a dawo mini da su."

Na ce a ƙara haƙuri. Bakina ne ya faɗa da kansa, saboda sabo.

Na tari adaidaita na tafi masaukin Oga. Na same shi yana cin tsire. Na ce kayan Ringim na gidan surukaina ne, ya ba ni su, ya cire daga rabona har na shekara. Ya ce sun tafi Kano tun shekaranjiya. Na shiga motar Kano a ranar, ina addu'ar da na daɗe ban yi ba. Maƙerin ya saurare ni, ya jawo wani ƙoƙo ya nuna mini wani dunƙule fari kamar curin sabulu. Ya ce, "Naka na ciki, na wasu na ciki. Wanne zan cire maka?"

A hanyar dawowa Saudatu ta kira layina na gaske. Ta tambayi ko na ci abinci. Muryarta a dushe, amma ba ta gaya mini komai ba, ni ma ban tambaya ba. Na ce mata ina kewarta, har na kawo wani kalami daga littafi.

Washegari ta kira wayar kamfani, ta ce ga mahaifinta a kusa, ta buɗe sifika. Malam ya yi sallama a natse ya ce, "Bawan Allah, ba ma son daraja, ba ma son takarda. Kayan tsohuwa ne, tun jiya ba ta sa komai a bakinta ba. A ba mu abinmu." A nan ne ya kamata in cire hankicin in ce Malam ni ne. Na buɗe baki, na hango falona da labulena da ranar ɗaurin aure, sai na ji kaina ina tambaya, "An goge su?"

Sai Saudatu ta ce, "Ni na goge. Da toka. Na ga sun yi baƙi ne." Na karanta musu sauran kamar yadda na saba. Kafin in kashe na ji kukanta, na ji Malam yana cewa, "Kin ga abin da hannunki ya jawo."

Ban sake samun barci mai daɗi ba, amma ban daina ɗaukar waya ba. Ba a jima ba wani tsohon ma'aikaci da muka cuta ya haɗa baki da 'yan sanda, suka zo a matsayin masu sabon kaya. Oga ya sha ta katanga, ni aka same ni da waya a aljihu. Aka yi sanarwa duk wanda aka karɓi kayansa ya zo ofishin 'yan sanda. Ina zaune a benci sai ga Malam ya shigo, Saudatu na bayansa. Ya gan ni, fuskarsa ta yi taushi, ya ce, "Ɗana, kai ma sun ci naka?"

Ɗan sandan ya ce, "Malam, ai shi ne mai wayar." Ya juyo gare ni ya ce in yi musu yadda nake yi, don masu ƙara su tabbatar. Na yi. A gaban mutane, a gabanta, na ce a ƙara haƙuri. Saudatu ba ta yi kuka ba. Ta ja mayafinta ta rufe fuska ta fita, Malam ya bi ta yana salati a hankali.

Alƙali ya ɗaure ni. A gidan yari na ji rasuwar Inna, kakar Saudatu, na kuma ji an ɗaura wa Saudatu aure da wani ɗalibin mahaifinta, an kai ta ɗaki wuyanta babu komai. A can na koma ga salla da karatu, na daina ba kaina uzuri.

Da aka sake ni na tafi Ringim kafin in je gida. Na durƙusa a zaure na ce, "Allah gafarta Malam, na zo neman gafara." Ya ce nasa ya yafe, na tsohuwa kuwa sai mun haɗu a can. Ya shiga ciki ya dawo. Ashe Saudatu ta zo wankan jego. Ya ce ba za ta fito ba, amma ta ba shi tambaya ɗaya: da ba ta goge su ba, da an dawo da su?

Shekarun nan duka tana ɗauke da wannan. Na ce, "Malam, a gaya mata tun kafin ta fara kira an narkar da su. Gugarta ba ta ɓata komai ba. Ni na ɗora mata." Ya shiga ya faɗa. Daga zaure na jiyo kukanta, irin na wanda aka sauke wa kaya. Malam bai sake fitowa ba, na tashi na tafi.

Yanzu ina taya wani kawuna sayar da hatsi. Ku matasa, duk wanda ya ce ku biya kafin a gaya muku darajar abin da ke hannunku, ku riƙe abinku ku wuce. Duk wanda ya ce leda kawai za ku sa, ko waya kawai za ku riƙe, ku tambayi abin da ke ciki, domin ni ma daga nan na fara. Kuma idan Allah ya ba ku baki mai daɗi, ku ji tsoron ranar da wadda kuke so za ta kira, ta ce a taimake ta, ku kuma ku kumbura murya.