Kawu bai taɓa kiran sunana ba

Jama'a, yau na ga abin mamaki! Ina shago bayan azahar sai ga saƙo daga lambar kawuna na Mai'adua: "Usman, turo min lambobi shidan da suka shigo wayarka."

Usman? Ni da na ci sunan mahaifinsa, tun ina goye Baba yake ce min! Kuma Kawu ba ya rubutu, sai saƙon murya.

Na danna kiran bidiyo, aka katse. Na kira matarsa, ta ce, "Ai tun ranar kasuwa aka sace wayar!"

Sai na rubuta wa mai riƙe da wayar: "Kawu, sunan wa na ci?"

Alama ta nuna ya karanta. Har yanzu shiru!