Mama Ndeshi, Mai Duba Kwaɗon Shafukan Moshi

Kullum ƙarfe bakwai da rabi Eliaichi Urassa, wadda mutanen garin Moshi suka fi sani da Mama Ndeshi, take buɗe ɗan ofishinta da ke saman wani shagon taya. Sai ta zuba shayi, ta ajiye maandazi biyu, wato fankensu na can, a faranti, ta kunna kwamfuta. Ba ta kai komai baki sai ta gama zagayenta: shafukan intanet sittin da uku na ƙananan 'yan kasuwa, ɗaya bayan ɗaya, tana duba ko ɗan kwaɗon nan na gefen adireshi yana nan a kulle. In yana nan, mai saye zai rubuta sunansa da lambar katinsa ba wanda ya leƙa masa a hanya. In babu, wayarsa za ta ja masa kunne da jan rubutu, shi kuma ya yi gaba abinsa. Kafin ta gama, shayin ya huce. Shekara goma sha tara tana shan shayi mai sanyi, kuma ba a taɓa jin ta ta yi mita ba.

Abin da ke fito da kwaɗon shi ne takardar shaidar tsaro. Sunan takarda kawai ta ci, a cikin na'ura take zaune. Da can sai an saya. Daga baya aka samu ta kyauta, sai dai ba ta daɗewa, dole a riƙa sabunta ta. Da yawa cikin masu sana'ar suka yi gum da bakinsu, suka ci gaba da sayarwa suna cin la'ada. Ita kuwa ta bi mutanenta ɗaya-ɗaya. Mai sayar da gahawa ta ce masa ta kyauta ta ishe shi, don ƙarfin kullewar ɗaya ne. Wata ƙungiyar adashi da banki ya nemi a tantance sunanta, su ta ce su saya, kada su yi rowa. Ba ta da wani dogon bayani da ya wuce wannan.

Mutum ɗaya ne ya ƙi ji. Wani dattijo, Mzee Elisante Lyatuu, yana da ƙaramin kamfani mai kai baƙi hawan dutsen Kilimanjaro, kuma 'yan dako arba'in ne ke ci a ƙarƙashinsa. Baƙin duk ta shafinsa suke kama wuri, tun cikin damina, don hawan watan Yuli. In ba a kama wuri a Afrilu ba, to babu mai ɗaukar kaya a Yuli.

"Kyauta?" in ji Mzee. "Ni da nake kai Turawa har ƙololuwa, a ce tsaron gidana na sadaka ne? Haba 'yata!"

Ana haka wani mai kwat da taye ya faɗo ofishinsa, ya tabbatar masa da abin da yake son ji. Ya karɓi shilingi dubu ɗari tara, ya karɓi lambobin shiga shafin ya sauya su, ya dawo da takarda cikin gilashi, da tambarin zinare da jan kirtani. Mzee ya rataye ta a bango tsakanin lasisin kasuwanci da takardar haraji, domin a saninsa duk takardar da take da daraja a nan take zama. A cikin na'ura kuwa mutumin bai taɓa komai ba, sai dai ya ɓata abin da ke sabunta ta kyautar da Mama Ndeshi ta riga ta sa wa shafin. Tsakiyar Maris wa'adin ta kyautar ya ƙare.

Shafin ya fita daga hannun Mama Ndeshi, amma bai fita daga zagayenta ba. Da safen da kwaɗon ya ɓace ta gani, ta kira shi.

"Takardata tana bango, ina kallonta yanzu haka," ya ce, ya kashe wayar.

Ta ji haushi, gaskiya ta ji. Ta ce a ranta to ya je ya gani. Mako uku tana buɗe shafin tana ganin jan rubutu tana wucewa. Ranar da ta gaji da kanta ta ɗauki lema ta hau daladala, ƙaramar motar haya, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. A ƙofar ofishin Mzee ta tarar da 'yan dako sun cika rumfa, kowa ya yi tagumi. Shugabansu, Rumisha, yana riƙe da littafin da ake rubuta sunayen waɗanda za su hau, shafin Yuli fari fat.

"Shikamoo, Mzee," ta gaishe shi yadda ake gaida manya.

"Marahaba. Kin zo ki yi mini dariya?"

"Ruwa ake yi, wa zai fito don dariya? Ba ni wayarka."

Ta jawo ƙofa ta rufe don kada na waje su ji. Ta buɗe shafinsa a wayarsa ta miƙa masa. Ya sa tabarau ya karanta gargaɗin sau biyu: wannan wuri ba shi da tsaro, koma baya.

"Wannan Turawa suke gani?"

"Shi suke gani. Ba sa ganin bangonka."

"Dubu ɗari tara fa, Mama Ndeshi."

"Gilashin dai mai kyau ne."

Da ƙyar Mzee ya ce, "To ni yanzu me zan gaya wa mutanen da ke rumfa?"

"Ka ce na'ura ta samu matsala ana gyarawa. Ba ƙarya ka yi ba."

Allah ya taimaka rajistar shafin da sunan Mzee take, don haka ta wayarsa aka karɓo sababbin lambobin shiga. Minti arba'in ta yi a kan kujerarsa. Kwaɗo ya dawo. Ya miƙe zai sauke gilashin, ta ce ya bar shi, ai yana rufe tsagar bangon. Ta ɗauki lemarta ta fita, ko shayi ba ta tsaya sha ba.

Ba duka aka ceto ba. Wani ayarin malamai da ke zuwa duk shekara ya riga ya koma wani kamfanin. Cikin arba'in, mutum ashirin da shida suka hau dutse a waccan shekarar, goma sha huɗu suka zauna a gida. In ana yaba mata, wannan lissafin take kawowa. Takan ce da ta haɗiye fushinta a ranar farko, da ba wanda ya zauna. Har yau abin yana ci mata rai, kuma ba ta ɓoyewa.

Mama Ndeshi, ke ce kika ga hanyar cin la'ada a buɗe kika kauce. Ke ce kika gaya wa mai ƙaramin ƙarfi kada ya saya, kika gaya wa wanda ya kamata ya saya ya saya. Aikinki in ya yi kyau ba wanda ke lura, sai ya ɓaci ake tuna akwai mai yi. Mai gadin ƙofar da ba a gani, ba mu da wani kirari da ya wuce wannan.

Idanu sun gaji, likita ya ce ta rabu da kwamfuta. Ta miƙa shafukan ga wata abokiyar sana'a da ta yarda da ita, ta ce za ta koma Machame, gonar ayabar mahaifinta. Asabar da ta wuce motar kayanta ta maƙale a laka, saura kusan kilomita biyu a kai gida. Direban ya kira wani, wanin ya kira wani. Can sai ga mutane suna gangarowa cikin takalman hawan dutse. Ba su tambayi kowa ba, wannan ya ɗora katifa a ka, wancan ya saɓa tebur, suka kama hanya. Ita dai tana tsaye da jakarta, ba ta gane fuska ko ɗaya ba sai ta Rumisha.

"Su waye waɗannan kuma?"

"Mu ne ashirin da shidan nan, Mama," in ji Rumisha.

Ta ƙirga su da ido. "Ai kun fi haka."

"Sauran ma sun ce sai sun zo. Sun ce shekarar da ta biyo baya ai sun hau."

Ta bi bayansu a hankali cikin lakar.

Mun gode, Mama Ndeshi, Allah ya ba idanun nan hutu. Ku kuma masu wannan sana'a a Moshi da Arusha, gobe wani dattijo zai shigo muku da kuɗinsa a hannu bai san me yake saye ba. Ku gaya masa gaskiya, in ya ƙi ji kada ku jira mako uku. Akwai mutum arba'in zaune a rumfarsa.