Mish'al Ya Nemi Tafinta

A unguwar Jarwal, a ƙasa mai tsarki, aka haifi Raliya, a can ta yi furfura tana ɗinka wa alhazai jallabiya, amma ba ta taɓa samun takardar zama 'yar ƙasa ba. Da aka yi mata aikin kansar nono tun ciwon bai bazu ba, likita ya ce akwai allurar hana shi dawowa, sai dai 'yan ƙasa ake yi wa kyauta.

Ta nufi ofishin Mish'al, ɗan ƙanwarta, ma'aikacin asibitin, mai tinƙaho da ubansa Balarabe. Ta ce masa da Hausa, "Ɗan nan, ka taimake ni."

Gogan ya gyara rawani, ya ce a nemo tafinta.

Ta amsa masa da Larabci tsantsa: "Bar shi. Lokacin da kake tsula min fitsari a baya, ban nemi tafinta ba."